Gurasar Jibi da Ta Ƙi Wucewa

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Sunana Saratu, a Samaru nake zaune.

Miyau ne ya ƙafe a bakina, haka kawai. Wuya ya kumbura, jiki ba ƙarfi, harshe kamar busasshen soso. Tuwo ba ya wucewa sai na kora da ruwa. Ni da nake ba da waƙa a zumuntar mata, baiti ɗaya sai murya ta maƙale.

Ban da mijina, mutum ɗaya na gaya wa: Rifkatu, ƙawata tun muna yara a Sabon Gari. Ita ke dama mini kunu. Ita ta gan ni ina kuka a gaban kwanon tuwo.

Ranar Jibin Ubangiji a coci na karɓi gurasa mai tsarki, ta manne mini a maƙogwaro. Na yi ta tari har ta faɗo ƙasa a gaban kowa. Kun san abin da aka yi ta faɗi: wai jikin Ubangiji ya ƙi shiga, akwai ɓoyayyen zunubi.

Shugabar mata ta kira mu mu biyu. Ta ce, "Rifkatu, ke kika fi kowa saninta. Lafiyarta kuwa?"

Rifkatu ta sunkuyar da kai ta ce, "Mama, ni ban san tana da wani ciwo ba. Sai dai ta binciki zuciyarta."

Da Lahadi ta zagayo, Rifkatu ke ba da waƙa a gurbina. Ciwon kansa bai yi mini zafi kamar wannan ba.

Na durƙusa a ɗaki, baki a bushe, ko magana ba ta fita. A zuci na ce, "Ubangiji, kai ka san abin da ke bakina. Ka yi magana a madadina."

A satin mijina ya kai ni asibiti a Shika, aka gwada jini. Likita ta ce garkuwar jikina ce ke yaƙar wani sashe na jikina a wuya, har abin ya taɓa inda miyau ke fitowa, kuma mata ya fi kamawa. Ashe ciwo ne mai suna, har da magani! Ina sha kullum, kumburi ya sauka, ƙarfi ya dawo. Miyau dai bai dawo duka ba, shi ya sa kuke ganina da gorar ruwa.

Har yau Rifkatu ba ta ce mini komai ba. Ina roƙon ikon yafe mata, ban kai ba tukuna.

Na gode wa Yesu. Ku dogara gare shi, shi ba zai taɓa cewa bai san ciwonku ba. Yau akwai Jibi. Zan karɓa da ruwana a hannu, mai son kallo ya kalla.