Yagar Lasifika

A kasuwar Arlit, Gumur mai kiɗan jita ya karɓi lasifikarsa daga hannun wani dattijo mai gyaran rediyo. Ya leƙa cikinta, ransa ya ɓaci.

"Baba, wayarta na ce ka gyara. Wa ya sa ka liƙe yagar nan?"

"Kyauta na yi maka. Kuka take kamar jakin da aka taka wa wutsiya."

"Ni na yaga ta da reza. Kukan nake so."

"Kiɗa kake yi ko korar jama'a?"

"Da la'asar ake bikin ƙanwata. Mahaifinmu shekara talatin yana fasa dutse a mahaƙar ma'adinai, kunnensa ya mutu. Kiɗa mai laushi wuce shi yake yi, wannan kuwa a ƙirji yake jin sa. Bara har rawa ya taka."

Dattijon ya karkato kunnen dama. "A wane rami?"

"Na ƙarƙashin ƙasa."

"Ni ma can na baro kunnen hagu." Ya ɗauko reza, ya tsaga inda ya liƙe sau uku. "Kaɗa mu ji."

Gumur ya kaɗa. Awaki suka watse, masu shayi suka toshe kunne.

Dattijon ya dafa ƙirji yana dariya. "Ƙaro, ɗana. Har na hagun ya ji."