Ku Bar Fitilar Ƙarƙashin Bene a Kunne

Mai girma shugaban ƙungiyar 'yan haya, dattawan hawan sama da na ƙasa, iyayenmu mata, matasa masu danna waya a can baya, da maigadi da ke jin mu daga bakin ƙofa, assalamu alaikum.

Na gode da wannan dama. Na gode kuma da irin kirkinku, duk da cewa kirkin nan naku shi ne ke neman kashe mini aure.

Kun san ɗan ɗakin nan na ƙarƙashin bene, wanda ba shi da taga. A nan maiɗakina ta jera tukwanen furenta na bayolet, mai launin shunayya da ganye mai gashi-gashi, ta rataya musu doguwar fitila don ta zame musu rana. Da za ta tafi wajen 'yarmu da ta haihu, ba ta ce in kula da kaina ba. Cewa ta yi, "Baban yara, ka kunna musu da safe, ka kashe bayan isha'i, ruwa kuma a farantin da ke ƙasan tukunya kawai." Na ce wannan ai wasan yara ne. Ashe na manta da maƙwabtan da Allah ya ba ni.

Na farko, maganar fitila. Dukanmu an raine mu a kan cewa fitila a kunne da rana tsaka almubazzaranci ne. To, jama'a, furen nan ba a gidajenmu aka raine shi ba! Ina kunnawa, in juya baya, a kashe. In sauko in kunna, kafin in kai ƙofata an sake kashewa. Sai na laɓe a bayan tsintsiya don in kama mai laifi. Wa zan gani? Ranka ya daɗe shugaba, ba zan kama suna ba, amma hular da na gani tana kanka yanzu haka. Har da tsaki ka yi, kana cewa, "Mutanen gidan nan ba su da tarbiyya."

Shi kuma maigadi, Allah ya saka masa, da ya ga ɗakin da duhu sai ya kunna fitilar ta kwana a kunne, wai don ɓarayi. Yau furen nan bai san dare ba, bai san rana ba, ya daina fitar da kai gaba ɗaya.

Na biyu, maganar ruwa. Iya mai wanki ta wuce ta tausaya musu, ta kwara. Tela ya wuce, ya juye ragowar butarsa. Matar direba kuwa wanka ta yi musu ganye-ganye da tsumma, ta ce mini, "Baba, ƙura ce ta yi musu yawa." Ba ƙura ba ce, 'yata, gashinsu ne, haka aka halicce su! Ganyen duk ya yi tabo, saiwar ta ruɓe, tukwane sai wari. Tukunya ɗaya tak ta rage da rai, ita ma da ɗan toho guda.

Maiɗakina ranar Asabar za ta dawo. Wannan tukunyar da ta rage, daga ganyen furen marigayiya mahaifiyarta ta dasa ta. In ita ma ta mutu, da faɗa za ta yi, wallahi da ban tara ku ba, faɗanta na saba da shi tun ina da baƙin gashi. Ba za ta yi faɗa ba. Za ta ɗauki tukunyar ta wanke, ta kife, ta tambaye ni ko na ci abinci. Wannan ne ba zan iya ɗauka ba.

Saboda haka ina roƙonku, don Allah, daga yau zuwa Asabar, duk wanda tausayi ya kama shi a gindin benen nan, ya sa hannunsa a aljihu ya wuce.

Allah ya bar mu tare, ya ba shugaba haƙurin ganin fitila a kunne, ya raya mini tohon nan har ta gan shi da idonta.

Na gode.