Ƙarfen da Aka Cire Mini a Jega

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu wanda ya kwance ni.

Sunana Nasamu. Ubangidana ne ya raɗa mini shi ranar da ya saye ni a kasuwar Jega, tun Turawa ba su zo ba. Ina ƙarami ƙwarai, ko sunan garinmu ban riƙe ba. A gandunsa na wajen Maiyama na girma, gero da damina, albasa da rani.

Da na zama saurayi na taɓa gudu, aka kamo ni kusa da Mungadi aka sa mini mari a ƙafa. Daga baya an cire sarƙar, amma zoben ƙarfen aka bar shi a ƙafata ta hagu, an doke bakinsa ya haɗe.

Turawa suka zo, aka yi shela an hana cinikin mutane. Muka yi murna a banza, don mu na cikin gida an ce sai mun fanshi kanmu. Da me? Ko rigar jikina ba tawa ba ce.

Ƙarfen nan ya ci naman ƙafata har ya zama gyambo. Ƙuda na bina, mutane na toshe hanci. Na tabbata in bai fita ba, ƙafar za ta tafi, ni ma in bi ta.

Na naɗe wurin da tsumma na sake gudu. Amma ina za ni? Kun san al'adar maƙera: wanda ya cire marin da ba shi ya sa ba, maganar bawan ta koma kansa. Wani maƙeri a Aliero ya ba ni fura, ya ji tausayina, amma ya ce, "Ɗana, ba ni taɓa ƙarhen ga sai mai shi ya ce." Duk maƙerar da na shiga haka. Ga ni a sake cikin daji, amma a ɗaure nake. Wallahi na yi fatan mutuwa.

A Jega aka nuna mini wani tsoho Banufe, Baba Yakubu, mai ƙera ƙusoshin jiragen ruwa a bakin gulbi. Na kwance tsumman, ban ɓoye masa kome ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya durƙusa ya yi addu'a da sunan Yesu, sunan da ban taɓa jin an roƙa da shi ba. Ya ce, "Ya Ubangiji, kai ka kwance ni, ba ni ƙarfin kwance wannan."

Ya ɗauko zarto. Ƙarfen ya nutse cikin kumburi, ba yadda za a goga ba a taɓa gyambon ba. Sai ya cusa yatsansa tsakanin ƙarfen da ƙafata. Zarton ya ci ƙarfe, ya ci yatsan. Jinin da ya zuba a ƙasa ranar ba nawa ba ne.

Ubangidana ya biyo sawu, aka je gaban alƙali. Baba Yakubu ya ce shi ya cire, a ɗora masa. Aka yanke zai ƙera wa ubangidana kayan noma, kyauta, har damina ta fita, a bakin fansata. Tsoho ya yi ta dukan ƙarfe da yatsa a naɗe, ni ina kwance ina jinya.

Ni kuwa, wawa, na ɗauka na sauya ubangida ne. Da na warke na durƙusa na ce, "Baba, yanzu ni naka na, mi za ni yi?" Ya yi dariya har da tari. Ya ce bai saye ni don ya mallake ni ba. Shi ma akwai wanda ya sa jikinsa tsakaninsa da hukuncin zunubi, a kan gicciye, bai nemi a biya shi ko wuri ɗaya ba. Abin da ake kira ceto ke nan.

A nan bakin maƙera na yi kuka, na roƙi Yesu ya cire na zuci, wanda zarto ba ya kaiwa. Ya kuwa cire. Halleluya!

Ina gode wa Allah. Kai da ke zaune kana ɓoye naka ƙarfen da tsumma, kwance shi ka nuna wa Yesu, ba ya cewa sai mai shi ya yarda. Ga ƙafata ku duba, tabo ne kawai. Baba Yakubu kuwa, har muka binne shi yatsan nan bai ƙara lanƙwasuwa ba.