Ripeka Ta Nemi Mutum Biyu, Ba Mu Zo Ba

Jawabin Callum Strachan a taron tunawa da Ripeka Tamihana, a zauren coci, Porirua.

Matua Eruera, dattijon gidan Tamihana, Fasto Siaosi, da ya buɗe mana wannan zaure, shugabar ƙungiyarmu ta masu rubuta manhaja a Wellington, Whaea Hinemoa, mahaifiyar marigayiya, Semisi, mijinta, Anahera, 'yarta, 'yan'uwa da abokan aiki: ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

An zaɓe ni in yi magana saboda shekara goma sha ɗaya teburina yana jikin nata a wurin aiki. Amma ku yi mini haƙuri, ban zo da sanyin zuciya ba. Raina a ɓace yake, kuma da mu nake, mu 'yan sana'a.

Whaea, kin sha ce mini ba ki gane aikin 'yarki ba. Bari in faɗa miki. Kowane shafin intanet yana da fayil ɗin ado, inda ake cewa wannan maɓalli ja ne, wancan rubutu babba ne, kuma kowane ado da sunansa. Mai haɗa shafi yakan kira adon da sunan. In ya kuskure harafi ɗaya, kwamfuta ba ta cewa uffan, adon ne kawai ba ya zuwa.

Shekara tara da suka wuce, muna haɗa wa wani ƙaramin asibiti shafin neman ganin likita, na juya haruffa biyu a sunan wani ado. Ni, da hannuna. Maɓallin aikawa ya fito fari a kan fari. Mako uku tsofaffi suna cika bayanansu har ƙasa, su rasa inda za su danna, su ɗora wa idonsu laifi. Wani dattijo mai ciwon sukari bai samu ganin likita ba sai da ƙafarsa ta kumbura aka kwantar da shi.

Da aka gano, na ce zan ajiye aiki. Ripeka ta dube ni ta saman tabarau.

"Ka ajiye ka je ina? Kamun kifi? Kai da jirgin ruwa ke sa ka amai?"

Na ce, "Ripeka, mutum ya kusa rasa ƙafa."

Ta ce, "Na sani. Ko ka tafi, gobe wani zai juya haruffan. Ba kai kaɗai Allah ya ba yatsu masu gardama ba. Matsa in gani."

Cikin mako biyu ta rubuta 'yar manhajar da ta sa wa suna Tutei, wato mai tsaro. Takan karanta fayil ɗin ado, ta tattara duk sunayen, ta rubuta jerinsu yadda kwamfuta za ta riƙe. In ka kira sunan da babu shi, jan layi zai fito a ƙarƙashinsa tun shafin bai bar hannunka ba. Sai ta saki Tutei kyauta ga duniya.

Ta kasance mai gyara ɓarna ba tare da neman wanda za a rataya ba. Ta kasance mai amsa tambayar ɗan koyo daga ƙasar da ba ta taɓa zuwa ba kamar ɗan ƙanwarta ne. Ta kasance mai tsiwa, kada mu yi mata ƙarya a gaban mahaifiyarta, amma tsiwarta ba ta taɓa hana ta zama ta koya maka ba.

To mu fa, me muka kasance?

Dubban kamfanoni sun ɗauki Tutei. Namu ma yana ciki. Muka mai da ita rijiyar unguwa: kowa ya ɗiba, babu mai yasa. Abin da muke aika mata ƙorafi ne. Wannan bai yi ba, wancan ya tsaya, yaushe za ki gyara?

Sau uku ta rubuta a shafin aikin cewa tana neman mutum biyu su kama mata. Na uku bayan likita ya gaya mata abin da ke cikin hantarta ne. Ta same ni a ɗakin shayi.

"Callum, ka ga saƙona?"

"Na gani. Bari mu gama aikin da ke gabanmu."

"Wannan aikin naka tun Anahera na firamare kake gama shi," in ji ta. Ta yi dariya, ni ma na yi. Na ɗauki kofina na fita.

A watan Yuli, tana kwance a asibiti, wani wanda bai ko sa sunansa ba ya rubuta: "Wai aikin nan ya mutu ne?" Semisi ya gaya mini ta sa ya ɗago mata kwamfutar a kan matashi, ta gyara abin da mutumin yake so, ta amsa masa: "Da sauran numfashi." Mutumin bai ce na gode ba. Mu da muka san inda take, muka karanta, muka ce kai, Ripeka akwai ƙarfin hali. Ƙarfin hali! Mun yaba mata a kan kayan da ya kamata mu sauke mata.

Semisi, sa'o'in nan naka ne muka cinye. Anahera, ranakun Asabar ɗin da kika yi wasan ƙwallo kina waiwayen inda iyaye ke tsayawa, mu muka riƙe miki uwa. Whaea, kin ba mu aron 'ya, ba mu riƙe ta da kyau ba. Ba na neman ku yafe mana yau.

Akwai takarda a bakin ƙofa, kusa da teburin shayi. Semisi ya yarda ya miƙa mabuɗan aikin Tutei ga duk waɗanda suka sa suna don ci gaba da kula da ita. Sunana yana sama, a makare. Wanda ya zo da fure, mun gode. Wanda Tutei ta taɓa rufa masa asiri, ya san abin da ya rage masa kafin ya ɗauki kofi.

Muna godiya ga Fasto da matan coci da suka yi girki, da waɗanda suka taso daga nesa.

Ya Ubangiji, ga baiwarka Ripeka, ta zo maka a gajiye. Ka ba ta hutun da mu muka hana ta. Ka riƙe Semisi da Anahera da Whaea Hinemoa. Mu kuma, ka sa mu riƙa amsa kira tun mai kiran yana iya jin amsar. Amin.