Sifili a Jarrabawar Kwamfuta

A ɗakin jira na asibitin ido, wata malamar sakandare tana duba takardun jarrabawar kwamfuta. Wani dattijon tela a gefenta ya dame ta da leƙe.

"Malama, sifili kika ba wannan?"

"Baba, an ce ya kawo ire-iren manhaja, ya rubuta mai sauri da mai nawa."

"To ƙarya ya yi?"

Ta ja tsaki. "Akwai manhajar da ke tafiyar da na'urar kanta, akwai ta aiki, kamar ta rubutu. Bakina har ya gaji!"

"Haka aka kayar min da 'ya! Yarinyar da ita ke adana min zanen ɗinki a kwamfuta." Ya zaro tasa kwamfutar daga jaka, ya miƙa mata. "Tunda ke gwana ce, ga ta nan, tun safe ta daskare."

Ta zuba wa madannan ido. Shekara bakwai tana zana su da alli.

"Baba, ta makarantarmu ɗaya ce, tana kulle a ofishin shugaba."

"Au! Ba ki taɓa..."

"Kai wa 'yar taka." Ta rage murya. "Ka tambayar min ita, tana da lokaci ranar Asabar?"