Galiyam Daban, Kwalli Daban

Assalamu alaikum, Malama mai gabatar da shirin lafiya. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar daga Gagarawa. Don Allah a sakaya sunana.

Malamin kimiyyarmu ya ba mu labarin wani ƙarfe, galiyam. Ya ce ƙwayoyin cuta suna ɗaukarsa abinci, su ci su mutu, shi ya sa masana suke gwada shi a kayan ɗaure ciwo. Ni kuma na taɓa ganin galina a littafi, wato dutsen kwalli. Sai na zaci abu ɗaya ne.

Kakata, Inna, tana da gyambo a ƙafa. Na ce mata kwalli magani ne, a makaranta aka koya mana. Ta ce, "To, tunda 'yar boko ta faɗa." Ta yi ta barbaɗawa.

Ƙafar ta kumbura, aka kai ta asibiti a Gumel. Nas ta ce akwai gubar dalma a kwalli, wa ya ba ta wannan shawarar? Inna ta dube ni, ta ce, "Ni na ga dama."

Tana samun sauƙi. Amma Baba, da kullum yake alfahari da karatuna, har yau bai sani ba. Jama'a, kada ku sa kwalli a ciwo. Malama, da wane baki zan faɗa wa Baba?