Lambar da Baba Ya Riƙe Amana

Afra'u: Salamu alaikum, Yaya Mashkura, ina wuni?

Mashkura: Lafiya lau, auta. Ya Kiyawa? Ya su Umma?

Afra'u: Lafiya ƙalau. Umma ta shiga maƙota barka, ta bar wayarta. Ya Dutse? Ya jikin ɗanki Fa'izu?

Mashkura: Ya warware. Ke, Baba yana gida?

Afra'u: Yana zaure, suna karatu da manyan ɗalibai.

Mashkura: Wayyo! Saurara. Kin san shafin da nake sayen kaya a waya? Da lambar Baba na buɗe shi, lokacin da layina ya ɓata. To duk sanda zan shiga, shi ake tura wa lambar sirri.

Afra'u: Ba na ji, Yaya, ana yayyankewa.

Mashkura: Na ce lambar sirri! Yau nake so in kashe wannan tsarin in huta, amma sai na shiga tukuna. Kuma keken ɗinkin da nake ta jira an karya farashinsa, saura guda ɗaya. Yanzu na sa an turo. Minti biyar take yi ta mutu. Je ki karanto min.

Afra'u: Yaya, karatu fa suke yi...

Mashkura: Cinye ki zai yi? Yi sallama ki durƙusa. Maza!

Afra'u: To... riƙe.

Mashkura: Afra'u? Ke! Katina ne fa yake tafiya!

Afra'u: Na dawo.

Mashkura: Yauwa, faɗi.

Afra'u: Yaya, kar ki yi faɗa.

Mashkura: Me kuma?

Afra'u: Ai Baba ba ya karanta boko. Ya ce in fassara masa saƙon.

Mashkura: Sai?

Afra'u: Sai na fassara. Har da ƙarshen, inda suka ce kada a ba kowa lambar.

Mashkura: Innalillahi! Wa ya aike ki ƙarshen?

Afra'u: Cewa ya yi in karanta duka! Ya mayar da wayar aljihu, wai an ba shi amana, ba zai ci ba a gaban ɗalibansa.

Mashkura: Wace amana? Tawa ce! Ni na sa aka turo!

Afra'u: Na faɗa masa. Ya tambaya ko an rubuta "ban da Mashkura". Na ce a'a.

Mashkura: Da kin ce e mana!

Afra'u: Ƙarya ga Baba?

Mashkura: To waɗanda aka turo a baya, wa ya hana?

Afra'u: Ai a da, sai yana masallaci nake dubo miki a wayarsa. Yanzu ya gane. Ya ce har ni sai mun yi magana.

Mashkura: Ɗinkin salla na karɓa har na gida uku, Afra'u, kekena ya lalace! Tsaya. Ai kin ga lambar da idonki.

Afra'u: Na gani.

Mashkura: To faɗo. A hankali.

Afra'u: Ya ce tunda na gani, ni ma amanar ta hau kaina.

Mashkura: Uku na farko kawai, zan cinki sauran.

Afra'u: Yaya, ga shi nan a ƙofar zaure, yana kallona.

Mashkura: Juya masa baya!

Afra'u: Na'am, Baba? To, Baba.

Mashkura: Me ya ce? Ya yarda?

Afra'u: Ya ce in gaishe ki, Allah Ya yi miki albarka. Wai in masu lambar sun rubuto cewa a ba ki, shi da kansa zai kawo miki Dutse.

Mashkura: Afra'u, kar ki kashe! Afra...